Kukan Agwagwa da Likitan Bogi

 

Turawan Ingila suna da wata kalma, "kwak". Da ita suke kwaikwayon kukan agwagwa, da ita kuma suke kiran likitan bogi. Agwagwarsu ce mai baki haka, tamu ta gida sai huci. Sunan likitan kuwa aro suka yi daga mutanen Holan, masu ce wa mai tallar man shafawa da kururuwa "kwakzalfa". Ni dai a ganina suna ya dace da mai shi.

Ku je tasha ran kasuwa ku gani. Ga mutum da lasifika bisa mota, kwalba ɗaya a hannu, wai tana maganin basir da shawara da taifot da ciwon sanyi, kai har da rashin haihuwa! Haba jama'a. Wa ya koya masa? Ba mai tambaya, ana ta miƙa kuɗi don muryarsa ta fi ta kowa.

Larabawa sun bambance ɗabibi da mutaɗabbibi, wato mai shiga rigar likitanci. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. In ya yi ɓarna, shi zai biya. A shekara ta 319 bayan Hijira wani majinyaci ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya sa Sinanu bin Sabit ya jarraba likitocin garin, aka hana wanda bai ci ba taɓa mara lafiya.

Mu nan ba mu yarda kowa ya biya wa yaro Ahalari sai mun san inda ya yi karatu. To yaya za mu miƙa cinyar yaron nan ga wanda ba mu san malaminsa ba? Allura in ta sami jijiya, ƙafa na iya shanyewa har abada.

Iyaye mata, ku ne kan fara jin zafin jikin yaro da dare. Mai kemis na unguwa, izinin da ke hannunsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. Wanda kuwa ya ce shi likita ne, ku nemi ganin takardar rajistarsa. Na gaskiya ba zai yi fushi ba.