Sudan: Wurin da waya ta nuna ba ya isa hujja

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, harkoki da dama suka koma cikin wayar salula. A garuruwan jihar Sennar irin su Abu Na'ama da Mai Wurno, yankin da Hausawa da Fulani suka daɗe da zama a gaɓar kogin Blue Nile, kuɗin da ƴan uwa ke aikowa kan shigo ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Lokacin da dakarun RSF suka kama Singa, babban birnin jihar, a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su ƙwato shi a Nuwamba, shiga yankin ya yi wuya. A irin wannan hali ƙungiyoyin agaji kan dogara da bayanan da wakilansu ke turowa, haɗe da alamar GPS da ke nuna inda aka tattara su.

Sai dai ana iya ƙirƙirar wannan alama. Babbar waya tana ɗauke da ƙananan na'urori: mai gano wuri ta tauraron ɗan adam, mai jin motsi, da mai jin juyawa. A manhajar Android Studio ta kamfanin Google, mutum na iya buɗe wayar kwaikwayo a cikin kwamfuta, ya rubuta mata lambobin wurin da ya ga dama, ya zana mata hanya, har ya karkatar da ita kamar tana hannun mutum. Don alheri aka yi ta. Ɗalibi a Maradi da ya haɗa manhajar lokutan salla zai iya gwada ta tamkar yana Abu Na'ama, bai bar ɗakinsa ba.

Amma macuta ma sun iya hannunsu. A 2017 an ruwaito yadda wasu direbobin Uber a Legas suka yi amfani da Lockito, manhajar da aka ƙera don gwaji, suna ƙara tsawon tafiya domin kuɗin fasinja ya ƙaru. A Disambar 2020 masu bincike na IBM sun bankaɗo gungun da ya kwaikwayi wayoyi sama da 16,000 da wayoyin kwaikwayo kusan 20, ya kwashe miliyoyin daloli daga asusun bankuna a Amurka da Turai. Da irin wannan dabara, wanda ke zaune a wani birni zai iya cika takardun rabon abinci da sunan ƙauyen da bai taɓa takawa ba.

Akwai hanyoyin kariya. Android na sa alama a kan wurin bogi, ana kuma iya kwatanta GPS da turken sadarwar da wayar ta kama. To amma idan aka tsananta, wanda zai sha wahala shi ne ɗan gudun hijira mai tsohuwar waya, da ke sauya gari yana aron layin maƙwabci. Na'ura za ta ɗauke shi ɓarawo, ta rufe masa asusu.

Saboda haka ya kamata bankuna da ƙungiyoyin agaji su ɗauki alamar GPS a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Kiran wanda aka ce ya karɓi tallafi, da tambayar mai unguwa, liman ko kwamitin gari, su ne za su tabbatar ko buhun dawa ya isa gidan da aka rubuta.