A Gyara Tsofaffin Shagunanmu, Kada a Rushe Su

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar Kara, bayan ta shafe shekaru kusan 10 a rufe saboda ta'addancin 'yan bindiga. Tun daga nan motocin shanu da na hatsi suka koma bin hanyar Kaduna, mu ma a Saminaka muka fara ganin alamar sauƙi. Sai dai duk wanda ya ratsa kasuwanninmu zai tarar da shagunan ƙasa da masu su suka kulle suka yi gudun hijira: gara ta ci azara, damina ta zaizaye bango, indararo ya karye. Ba da jimawa ba za a samu mai cewa a share su a kafa filaza. Mu dai ra'ayinmu a gyara su, a mayar wa masu su.

Hujjarmu ta farko ita ce mutane. A 2020 aka rushe Kasuwar Barci ta Kaduna domin a gina ta zamani, ƙananan 'yan kasuwa da dama suka watse, kuɗin sababbin shaguna kuma ya fi ƙarfin wasunsu. Wanda ɓarayin daji suka kora, bai kamata ya dawo ya tarar katafila ta ƙarasa shi ba. Waɗannan mutane su ne iyayen ɗalibanmu. Ranar da uba ya rasa shago, a aji muke fara gani, don littafi da abin karin kumallo ke fara yankewa.

Ta biyu, gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙasa da tubali muna da su, azara daga giginya take, makubar da ke kare bango daga ruwa kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Kuɗin aikin zai tsaya a hannun maginanmu da matasan da za su koyi sana'ar. Bango mai kauri kuma yana riƙe sanyi a bazara, abin da mai hatsi da mai goro ke bukata.

Ta uku, tsufa ba aibi ba ne. Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tsohon birnin Agadas, mahadar ayarin fatake a Nijar, ginin ƙasa ne, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gaskiya ne akwai ginin da ya wuce gyara, akwai kuma haɗarin gobara a matsattsun lunguna. Maganin wannan shi ne magudanar ruwa, da wayar lantarki mai inganci, da hanyar da motar kashe gobara za ta bi.

Don haka muna kira ga ƙaramar hukuma da Masarautar Birnin Gwari su ƙididdige tsofaffin shaguna da sunayen masu su, a hana sayar da wurin wanda bai dawo ba tukuna, a kuma ba masu gyara rance marar ruwa. Aikin rubutun, mu malamai a shirye muke mu ɗauka a lokacin hutu. A fara kafin damina ta sake sauka a kan bangon da ya riga ya tsage.