MU LEƘA DUNIYA: Motar da ba ta fita sai jefi-jefi

 

Maganarmu ta wannan wata daga takardar ƙosai ta fito. Wani dattijo cikin masu koyon karatu a wurina ya sayi ƙosai ran kasuwa, aka ƙunshe masa a yagaggen shafin wata mujallar Faransa. Da ya cinye sai ya ga hoton wata mota ja, gajera ƙwarai kamar ta kwanta a ƙasa. Da dare ya kawo mini ya ce: "Malam, wannan buhu nawa take ɗauka?" Na ce ko ɗaya. Ya ce: "Fasinja fa?" Na ce direba da mutum guda. Ya yi shiru, can ya ce: "To, wace rana take aiki?" Ƴan aji suka yi dariya. Ni kuwa na ga tambaya ce mai kyau, na yi alkawarin amsa ta a nan.

Irin wannan mota Turawa sun ƙera ta ne don gudu da nishaɗi, ba don kaya ba. Akwai Jaguar E-Type ta Ingila, wadda ta fito a 1961, aka ce tana cin kilomita 240 a awa ɗaya. Akwai Porsche 911 ta Jamus, wadda aka fara nunawa a 1963. Akwai Alpine A110 ta Faransa, wadda ta ci tseren Monte-Carlo a 1971 da 1973. Yau duk sun tsufa, sun wuce shekara hamsin. Amma a can tsufan ne ya ƙara musu daraja. A Faransa, mota in ta haura shekara 30, mai ita yana iya neman takarda ta musamman, ta motar ajiya. Da wannan takarda, duba lafiyar mota da ake yi duk shekara 2 sai ya koma duk shekara 5. A Ingila, in ta kai shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya. Har Peugeot 404, wadda ta yi jigilar iyayenmu da awakinsu zuwa kasuwanni, a Faransa yanzu tana cikin motocin da ake gogewa ana nunawa.

To, sau nawa suke fita a shekara? Wata ƙungiya ta masu tsofaffin motoci a Ingila ta tambayi mutanenta a 2020. Da aka haɗa amsoshin aka raba, sai aka ga mota ɗaya tana fita wajen sau 16 a shekara, tana yin kilomita wajen 1,900. Ku auna da abin da kuka sani. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Ke nan tafiyar shekara guda ta wannan mota ita ce zuwa Damagaram da komowa Yamai, da ɗan ƙari. Motar haya mai bin wannan hanya tana yin haka cikin kwana biyu ko uku.

Mene ne ke tsare su a gida? Babban abu shi ne sanyi. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, a ƙasashen Turai da yawa ƙanƙara tana daskarewa bisa kwalta, motoci su riƙa santsi. Sai hukuma ta watsa gishiri a kan hanya don ƙanƙarar ta narke. Duk wanda ya taɓa barin jiƙaƙƙen gishiri cikin gwangwani ya san abin da yake yi wa ƙarfe. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shiga kowane lungu, tsatsa ta kama. Motocin dauri kuwa ba a yi musu kariyar tsatsa irin ta motocin yanzu ba. Saboda haka mai ita yana rufe ta wata biyar ko shida, sai rana ta dawo. A Jamus har lambar mota ake bayarwa ta ƴan watanni. A gefen lambar za ka ga 04 a sama, 10 a ƙasa. Ma'ana, daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai aka yarda ta hau hanya, haraji da inshora ma na waɗannan watanni mai ita zai biya.

Bayan sanyi akwai inshora. Ana yi wa tsohuwar mota rangwame in mai ita ya yarda ba zai wuce wasu kilomitoci a shekara ba. Sau da yawa kuma ana so ya kasance yana da wata motar ta zuwa aiki. Ga wuyar kayan gyara. Ga shan mai.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne masu motocin suka rabu gida biyu. Kowace mota tana da agogo mai ƙidaya kilomitan da ta yi tun ranar da aka ƙera ta. In ƙidayar kaɗan ce, kuɗinta ya fi yawa ran sayarwa. Don haka wasu ba sa tuƙa tasu sam. Sun ɗauke ta dukiya ce, kamar yadda wani ke ajiye zinariya a akwati. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes ƙirar 1955, wadda guda biyu kawai aka yi irinta, a kan euro miliyan 135. A kuɗinmu ya fi sefa miliyar 88. Na rubuta wannan lamba a allo, sifirin ya kusa kai ƙarshen allon.

Ɗaya ɓangaren suna cewa mota don tafiya aka yi ta. Su ne ke fita ran Lahadi in gari ya yi kyau, su zaga ƙauyuka su komo. Su ne ke zuwa taruka. A garin Le Mans na Faransa, tun 2002 ake tara tsofaffin motocin tsere su sake gudu a filin da suka yi suna. A Italiya akwai Mille Miglia. Asalinsa tsere ne da aka yi daga 1927 zuwa 1957, daga garin Brescia zuwa Roma a komo, kilomita wajen 1,600. Yanzu motocin wancan zamani ne ke bin hanyar sau ɗaya a shekara, jama'a na tsaye bakin hanya suna kallo. Mai motar da ya shiga wannan, cikin ƴan kwanaki ya yi kusan tafiyar da wani ke yi a shekara.

Ni dai ina bayan masu fita, kuma ba don son yawo ba. Wanda ya taɓa riƙon doki ya sani: in an ɗaure shi a turke wata da watanni, ana ba shi dawa da harawa ba a motsa shi, ran hawan salla shi ne zai ba ka kunya. Inji ma haka yake, sai dai shi cutarsa a ɓoye take.

Ga abin da ke samun motar da ta daɗe a tsaye. Batir yana zubar da wutarsa a hankali har ya mutu. Taya tana lotsawa a wurin da ta dafa ƙasa. Fetur yana tsufa cikin ƴan watanni. Mai ƙarfin cikinsa ya bi iska, abin da ya rage ya yi danƙo kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan karbirato, wato wurin da mai ke gauraya da iska. Robobin da ke hana mai zuba suna bushewa su tsage. Birki yana kamewa. Ɓera kuma ya samu ɗaki, ya ci waya da kujera. Shi ya sa masu hankali cikinsu, ko da sun rufe mota, sukan haɗa batir da ƙaramar wuta mai riƙe shi, su ƙara iskar taya ko su ɗaga motar daga ƙasa, su sauya baƙin mai kafin ajiya. Makanikai kuma suna gargaɗi cewa tada inji minti biyu a kashe ba ya maganin komi. Injin da bai yi zafi sosai ba yana tara raɓa a ciki, raɓar ta shiga baƙin mai, ta kuma cinye bututun hayaƙi. In za a fita da ita, a yi tafiya mai ɗan nisa har ta ɗauki zafi.

Wani zai ce: Malam, mu da ba mu da ko keke, ina ruwanmu? Ruwanmu yana garka. Injin ban ruwa shi ma rabin shekara yake aiki, rabin shekara yana kwance, kuma karbirato ɗinsa ƙanen na waccan jar motar ne. Mu ma abin ya same mu. Shekarun baya mun haɗa kuɗi mu shida mun sayi inji ɗaya. Da noman rani ya ƙare muka tura shi kusurwar zaure da sauran mai a cikinsa, muka shiga aikin damina. Da sanyi ya shigo, mun riga mun dasa albasa, aka ɗauko shi. Muka ja igiya har hannu ya yi kanta, bai ko yi tari ba. Kwana huɗu kafin mu samu mai gyara, muna ɗibar ruwa da guga dare da rana, duk da haka rabin dashen ya ƙone. Da mai gyaran ya buɗe karbirato, ya nuna mana wani abu ja-ja mai danƙo. Ba abin da ya karye. Tsohon mai ne kawai.

Tun daga nan ga yadda muke yi. Ranar ban ruwa ta ƙarshe, injin yana cikin aiki, sai mu rufe makunnin mai, mu bar shi ya shanye na cikin karbirato har ya mutu da kansa. Na tanki mu juye shi. Mu sauya baƙin mai tun injin yana da ɗumi. Mu kwance ƙusar da ke ƙasan famfo, ruwan ciki ya tsiyaye. Sannan mu ɗora shi bisa katako, ba a ƙasa ba, mu rufe shi da buhu. Sau ɗaya a wata wani cikinmu yakan ja igiyar a hankali sau biyu ko uku don kada cikin ya kame. Wanda yake so ya tada nasa a tsakiyar damina, ya fara cika famfon da ruwa. In ya juya a bushe, abin da ke hana ruwa yoyo a cikinsa zai ƙone, kuma kuɗinsa ya fi na man da aka yi tsimi.

Dattijon nan mai ƙosai ya roƙi takardar, ya ce zai manna ta a bangon ɗakinsa. Kafin in ba shi na ɗora wa ajin lissafi, ku ma ku gwada a naku: mota ta yi kilomita 1,920 cikin fita 16. Kilomita nawa take yi a kowace fita? Wanda ya samu amsa ya rubuto wa jarida da hannunsa, ya sa sunan ƙauyensu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.