Mutanen Ayilan na samun kakanninsu a intanet, mu fa?

Ba'amurken da ke da asali a ƙasar Ayilan, in yana son sanin kakanninsa, ba sai ya sayi tikitin jirgi ba. Ma'adanar tarihi ta ƙasar ta sa takardun ƙidayar 1901 da ta 1911 a intanet, kyauta. Ka rubuta sunan iyali da gunduma, sai ga hoton takardar da maigida ya sa wa hannu: sunan kowa a gidan, shekarunsa, addininsa, sana'arsa da inda aka haife shi. A ta 1911 har an tambayi matan aure 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ne ke raye.

Su ma fa sun yi asara. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasarsu, gobara ta cinye ma'adanar takardun gwamnati a Dublin. Ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta ƙone, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa tun kafin nan hukuma da kanta ta lalata. Abin da ya rage shi suka rungume hannu bibbiyu.

To mu fa? Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Ta 1973 soke ta aka yi, ta 2023 aka ɗage. Babu shafin da za ka rubuta sunan kakanka ya fito maka. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna na da rahotannin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi saboda haraji, amma akasari sunayen hakimai da dagatai ne a ciki. Talaka a lissafi kawai ya shiga.

Ke nan rajistarmu ita ce tsofaffinmu, kuma duk shekara raguwa suke yi. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, jika ya tashi bai san kakarsa da wani suna ba sai Inna ko Goggo. Ga sunan gari da ya maye gurbin na uba tun zamanin makarantun boko na farko, kamar yadda muka san Shehu Shagari da Aminu Kano. Bayan ƙarni ɗaya wa zai warware wannan, in ba mu rubuta ba?

Wani zai ce ai wannan aikin masu hutu ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na san ba haka ba ne. A asibitocin nan, daga tambayoyin farko akwai cutar da ke bin dangi: hawan jini, ciwon suga, kansa, sikila. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Yaron da aka haifa a Maryland, wanda bai san abin da ya yi ajalin kakarsa ba, me zai gaya wa likita?

Shawarata ga 'yan uwa na nan da na gida, kada a bari sai an dawo hutu. A makon nan ku kira wanda ya fi kowa tsufa a gidanku. Ku nemi izini ku naɗi muryarsa. Ku tambayi sunan yanka, ba laƙabi kaɗai ba, da garin asali, da sana'a, da dangin uwa, don su aka fi mantawa. In bai san shekara ba, ku haɗa da abin da ya faru: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun 'yancin kai a 1960, farin 1973. Sannan kada ku bar shi a WhatsApp kawai, waya na ɓata. Ku rubuta, ku raba wa gida uku. Darasin Dublin ke nan.

Mu mazauna Amurka muna da ƙarin dama. A nan ana buɗe takardun ƙidaya bayan shekara 72. Ta 1950 an sake ta a Afrilun 2022, kuma ɗaya daga cikin manyan gine-ginen ma'adanar tarihin ƙasar na College Park, kusa da mu a Takoma Park. A 2020 takardar ta ba da gurbin rubuta asali, za kuma a buɗe ta a 2092. Masu tsoro saboda batun takardun zama su sani doka ta hana hukumar ƙidaya miƙa bayanan mutum ga jami'an shige da fice.

In Allah Ya kai mu 2030, mu cike takardar, mu rubuta sunayen 'ya'yanmu daidai, mu rubuta Hausa a gurbin asali. Wata rana jikokinmu za su nemi mu. Allah Ya sa su same mu.