HARAJI BA YA TSARKAKE ƘAZANTA

Ya kai mai karatu, ko ka san cewa safar hannun da likita ya tuɓe bayan ya taɓa jini da mugunya tana da lambarta a kundin kwastan na duniya? Tun gyaran da aka yi wa kundin a 2002 aka ware lamba 3825.30 domin sharar asibiti, wato bandejin da ya ɓaci da sirinji da safar hannun da aka gama aiki da su. Sabuwar safar roba kuwa tana ƙarƙashin lamba 40.15.

Wasu na ganin tunda an ba abu lamba, ai sai a biya masa haraji ya shige. Wannan kuskure ne babba. An ba sharar lamba ne don a gane ta a bakin iyaka. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta sa sharar asibiti a farkon jerin shara mai haɗari, wadda ba a tsallaka iyaka da ita sai ƙasar da za a kai wa ta amince a rubuce.

To amma wane maci amana ne zai rubuta gaskiya a takarda? A 2021, ana tsakiyar annobar korona, tashar CNN ta bankaɗo yadda miliyoyin safar hannu masu datti suka shiga Amurka daga Tailan da sunan sababbi. Hukumomin Tailan sun tarar ana wanke tsofaffin ana rina su da shuɗi. Wal'iyazu billahi! In wannan ya faru a Amurka, ina ga ƙasashen talakawa?

Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa. A 1988 aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai.

Don haka muna kira ga jami'an kwastan da su ji tsoron Allah. A buɗe kwantena a duba, kar a tsaya ga abin da ɗan kasuwa ya rubuta. In aka tarar da tsohuwar safa, a mayar da ita inda ta fito, a gurfanar da mai kayan. Kuɗin da aka karɓa a kanta ba zai dawo da ran mai haihuwar da aka shafa wa cuta ba.

Allah ya kiyaye mu, amin.