Ku Daina Ƙona Mana Fuskoki da Fitila

A makon jiya muna kallon wani fim mai dogon zango ni da iyalina, aka zo wurin da miji ya miƙa wa matarsa takardar saki. Wurin nan shi ne ƙashin bayan labarin. To me aka nuna mana? An dasa kyamara can bakin ƙofa, tana kallon kujeru da labule da ƙatuwar talabijin, matar kuwa tana lungu kamar wadda ta zo gaisuwa. Fitilu biyu farare sun haske ta ta gaba, goshinta na ƙyalli, inuwarta ta rabu biyu a jikin bango. Ko hannunta ya yi rawa da ta karɓi takardar, ba mu gani ba. Ta yi kuka iya ƙarfinta, amma a ɗakinmu ko mutum ɗaya bai motsa ba. Wannan laifin darakta ne da mai ɗaukar hoto, kuma da su nake yau.

Sama da shekara 30 ke nan da fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. Waɗanda suka yi shi suna da uzuri, kyamarar kaset ce a hannunsu. Ku fa? Wayar da ke aljihun yaron da ke riƙe muku fitila ta fi waccan kyamarar nesa ba kusa ba. Kayan aiki sun canja, ido bai canja ba.

Haske magana yake yi wa ɗan kallo. Abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne fitila uku: babba daga gefe wadda ke fitar da siffar fuska, ƙarama a ɗaya gefen tana sassauta inuwa, sai ta baya wadda ke raba mutum da bango. Ku kuwa sai ku tara su duka a gaba, ku buɗe su gaba ɗaya, fuska ta baje kamar faifai. Ɗakin amarya, ɗakin makoki, kogon 'yan fashi, duk haskensu ɗaya. Na ga fim da aka ce dare ne a ƙauye, ga aci-bal-bal a tsakar ɗaki, amma ɗakin ya yi fayau kamar gidan mai. Wa zai ji tsoro a nan? Ku je ku duba farkon fim ɗin The Godfather na 1972. Mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya sauko wa ɗan wasa Marlon Brando da haske daga sama, idanunsa suka faɗa cikin inuwa, ɗan kallo ya kasa karanta abin da ke ransa. Kwarjinin mutumin daga wannan inuwar ya fito tun kafin ya buɗe baki.

Haka ma wurin da aka ajiye kyamara. In ta kalli mutum daga ƙasa sai ya cika ido, in ta leƙo shi daga sama sai ya ƙanƙance, a ji tausayinsa. In ta matso har ta cika allo da fuska, ta shigar da mu cikin zuciyarsa ke nan, shi ya sa ba a ɓarnatar da ita a gaisuwa da cin tuwo. Kuma idan mutum biyu na magana, akwai layi tsakaninsu da kyamara ba ta tsallakewa. Kuna tsallakewa, sai mu ga uba da ɗa duk suna kallon gabas, mu rasa wa ke yi wa wa faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zancen da na sha ji, wai baƙar fata ba ta fitowa a kyamara. Ƙarya ce. Ku ne ba ku iya haska ta ba, kuna tsayar da yarinya a gaban taga ko farin bango, ta koma duhu, sannan ku ɗora wa fatarta laifi. 'Yan wasan Moonlight baƙaƙe ne, fatarsu na sheƙi a kowane hoto, kuma shi ya lashe Oscar na gwarzon fim a 2017. Duk yarinyar da ta shafa man bilicin don ta samu shiga fim, kuna da kamasho a cikin alhakinta.

Kada ku ce mini ba kuɗi. Mai hayar jibgegiyar mota da gidan bene da jirgin ɗaukar hoto daga sama ba zai rasa kuɗin farin kwali da zai mayar da haske fuska ba. Hantsi da la'asar sakaliya kyauta Allah ya ba mu, hazon hunturu ma yana tausasa rana. Amma sai ku fito da ɗan wasa tsakar rana, rana a tsakiyar ka, idanunsa su zama ramuka biyu, don kawai a gama da wuri a wuce wani lokeshan. Gaggawa ce da raina ɗan kallo, alhali ɗan kallon nan a waya ɗaya yake kallon ku da finafinan Indiya da na Turkiyya, kuma yana ganin bambanci.

Cibiyar koyon aikin fim ta ƙasa tana nan Jos. Furodusa, ka tura mai ɗaukar hotonka ya koyo. Darakta, kafin ka ba da umarnin ɗauka gobe, ka kashe rabin fitilun nan, ka matso da kyamara, ka nuna mana hannun matar da ke karɓar takarda.