Ba laifin Django ba ne idan darussan ɗalibi suka ɓace

Matasan Zango masu haɗa wa makarantu manhajar rajistar ɗalibai, ku daina ɗora wa Django laifi. Ɗalibi ɗaya yana ɗaukar darussa da yawa, kowane darasi kuma ɗalibai da yawa ke yinsa. Shi ya sa Django ke ajiye wannan alaƙa a teburi na daban, kuma sai ɗalibin ya samu lambarsa tukuna. Idan kun kira form.save(commit=False), to bayan kun adana ɗalibin dole ku kira save_m2m(). A shafin admin kuwa, darussan da kuka cusa cikin save() share su ake yi, domin save_related na zuwa daga baya. Can ya kamata gyaranku ya zauna, kafin ranar jarrabawa yaro ya tarar babu sunansa a Lissafi.